Waziri Buhari Da Wasiƙar Da Ya Bar Wa Ma'abota Ilimi

A ƙasar Tambuwal, daga Jabo har Kebbe, in aka ambaci Buhari hankalin mutane kan koma kan Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda ya riƙe ribaɗin Tambuwal. To, akwai wani Buharin da ya kamata marubutanmu su sani, wato Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu ɗan Gidado, Wazirin Sakkwato daga 1886 zuwa rasuwarsa a 1910. Shi ne babban mai ba Sarkin Musulmi shawara a lokacin da daula ta shiga halin da ba ta taɓa shiga ba, kuma bai bar duniya ba sai da ya rubuta dalilin abin da ya aikata.

Aikin Waziri a wancan zamani ya haɗa da rubuta wasiƙun Sarkin Musulmi da zagaya masarautun gabas, irin su Kano da Zazzau, domin isar da umarni da sasanta rigingimu. Wannan aiki ne ya sa Waziri Buhari yana Kano a 1893 lokacin da Sarki Muhammadu Bello ya rasu. Jama'a da yawa sun fi karkata ga Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi, amma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ce Tukur ɗan Bello za a naɗa. Waziri ya cika umarni, Yusufawa suka fice zuwa Takai, aka shiga Yaƙin Basasa. Ƙoƙarinsa na kashe wutar bai yi nasara ba, domin Aliyu Babba ya ci Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Duk da haka Waziri ya rubuta abin da ya gudana tsakaninsa da Sarkin Haɗeja da Yusufu, ko da yake labarin ba na nasararsa ba ne.

Babbar jarrabawar ta zo ranar 15 ga Maris, 1903, sa'ad da sojojin Ingila suka karya rundunar Sakkwato a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira, ya nufi gabas. Waziri kuwa ya ja da baya zuwa Marnona tare da jama'a masu yawa, waɗanda ba su da guzuri ko abin hawan da zai kai su nesa. A nan ya tara malamai suka duba littattafai. Tambayar ita ce, shin ya halatta Musulmi ya zauna ƙarƙashin wanda ya fi shi ƙarfi, ko kuwa hijira ta wajaba a kan kowa? Matsayar da suka cimma ita ce ya halatta a yi sulhu na zahiri saboda tsoron halaka, muddin ba a hana salla da azumi da sauran rukunan addini ba, zuciya kuma ba ta miƙa wuya ba. Kamar dai yadda Bahaushe kan ce, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Waziri ya komo Sakkwato, ranar 21 ga Maris aka naɗa Muhammadu Attahiru na biyu, Lugga kuma ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba. Watanni huɗu bayan haka, ranar 27 ga Yuli, Attahiru na ɗaya ya yi shahada a Burmi.

Mai karatu, a nan ne nauyin ya faɗo wa Waziri. Wanda ya faɗi a fagen fama ya sami yabo, wanda ya zauna ya tsare mata da yara da masallatai kuwa sai kallon zargi ya biyo shi. Saboda haka ya rubuta wasiƙarsa da Larabci, wadda aka sani da Risalatul Wazir, ya fuskantar da ita ga ma'abota ilimi da tunani. Bai nuna kansa a matsayin gwarzo ba. Ya bayyana cewa ko bayan komowarsa hankalinsa bai kwanta ba, har sai da ya nemi fatawar Alƙalin Gwandu, Ahmadu ɗan Sa'adu. Alƙali ya tunatar da shi cewa irin wannan musiba ta taɓa samun Musulmi: Ƙaramiɗawa sun ɗauke Hajarul Aswad a shekarar 930 ya yi fiye da shekara 20 a hannunsu, Tatar kuma sun rushe Bagadaza a 1258, amma addini bai ƙare ba. Ya kuma nuna masa cewa in malamai da shugabanni duka suka watse, ba wanda zai tsaya wa talakawan da ba su iya tafiya.

Har yau masana ba su daina jayayya a kan wanda ya fi dacewa ba, Attahiru ko Waziri. Masanin tarihi R. A. Adeleye ya yi nazarin wasiƙar a 1968, wasu kuma sun biyo bayansa. Abin lura shi ne, jayayyar tana yiwuwa ne domin Waziri ya ajiye hujjarsa a takarda, har da shakkar da ta dame shi. Ɗansa, Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya ci gaba da wannan gado na adana takardun gidan.

'Yan'uwa marubuta, yau ma ana zaman sulhu a garuruwan Sakkwato da Zamfara da Katsina, tsakanin manoma da makiyaya, har da masu ɗauke da makamai. Akan watse ba tare da wanda ya zauna a wurin ya rubuta abin da aka nema da abin da aka sarayar da dalilin sarayar da shi ba. In yarjejeniya ta rushe, sai jita-jita ta maye gurbin tarihi, masu zuwa kuma su sake faɗawa ramin da aka faɗa. Wanda ya san dattijon da ya taɓa shiga tsakani, ya je da alƙalami da takarda tun yana raye. Allah ya jiƙan magabatanmu, amin.