Daga Faci Zuwa Layin Umarni: Tarihin Miƙa Gyara a Duniyar Manhaja

Duk rubutun da hannu fiye da ɗaya ya taɓa, akwai tambayar da ba ta barinsa: idan ka ga kuskure a littafin da ba naka ba, ta wace hanya za ka kai gyaranka ga mai shi har ya duba ya karɓa? Mu a ƙasar Hausa mun daɗe da tamu amsar. A tsangaya gardi yakan yi satu a allo, ya kai wa alaramma darasu, a bi rubutun harafi bayan harafi. Masu kwafar littattafai a zamanin daular Sakkwato kuwa sukan gwada sabon kwafi da na asali, abin da ya faɗi su rubuta shi a gefen takarda, su sa masa alamar cewa ya inganta.

Masu rubuta manhajar kwamfuta su ma sun yi kusan shekara 50 suna neman tasu hanyar. Wadda suka fi tsayawa a kai yau ita ce abin da Turawa ke kira pull request, mu kuma za mu kira shi buƙatar jan gyara. Tarihinta zagaye ne: ta faro daga baƙin allon da ake buga umarni a kansa, ta koma shafin intanet, sannan ta sake dawowa baƙin allon. Akwai kuma dalilin da ya sa wannan zagaye ya shafi mai magana da Hausa, musamman na yammacin Zamfara.

Zamanin faci

A shekarar 1974 wata ƙaramar manhaja mai suna diff ta fito cikin tsarin Unix, daga ɗakin binciken Bell a Amurka, aikin Douglas McIlroy. Aikinta ɗaya ne: ka ba ta rubutu biyu, ta fito maka da layukan da suka bambanta. A 1985 Larry Wall ya rubuta abokiyar tafiyarta, patch, kalmar da mu muka ara tun tuni muka mai da ita faci. Ma'anar ma ɗaya ce da ta mai facin taya a bakin tasha. Maimakon ka aika wa mutum manhaja sukutum, sai ka aika masa ɗan ƙyallen da zai liƙa a inda ya huje.

Da wannan faci aka gina Linux. A watan Agusta na 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya sanar cewa yana rubuta wani tsarin sarrafa kwamfuta don nishaɗi. Mutane daga ƙasashe daban-daban suka riƙa turo masa faci ta imel, yana karantawa, yana liƙa wanda ya gamsu da shi. Da aikin ya girma, sai wasiƙu suka fi ƙarfin mutum ɗaya, wasu gyare-gyaren suna ɓacewa a hanya. A 2002 ya koma amfani da BitKeeper, manhajar wani kamfani da ya ba su izinin amfani kyauta. Da yawa daga cikin abokan aikinsa ba su ji daɗin haka ba, domin a ganinsu kayan aro ba ya ado. A watan Afrilu na 2005 kuwa aka sami saɓani, kamfanin ya janye izinin.

Haihuwar Git

Cikin 'yan kwanaki a wannan watan Torvalds ya rubuta tasa manhajar, ya sa mata suna Git. Zuwa watan Yuni an fitar da sabon zubin Linux da ita, a watan Yuli kuma ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano, wanda ya ci gaba da kula da ita tun daga lokacin.

Abin da ya bambanta Git shi ne ba ta da rumbu ɗaya tilo da kowa zai dogara da shi. Duk wanda ya kwafi aiki, ya kwafe shi ne da tarihinsa gaba ɗaya, daga layin farko har na jiya. Yana iya cire reshe, ya yi gyara, ya adana, duk a kwamfutarsa, ba tare da ya taɓa intanet ba. In ya gama, ba shi da ikon cusa gyaran cikin rumbun wani. Sai dai ya ajiye reshensa inda za a iya isa gare shi, ya rubuta wa mai rumbun cewa ga aikina a wuri kaza, ka duba, in ya yi maka ka ja. Daga nan sunan ya samo asali. Tun 2005 akwai umarni a cikin Git mai suna git request-pull, wanda ke tsara wannan wasiƙa: adireshin reshen, jerin canje-canjen, da adadin layukan da aka ƙara ko aka cire. Ke nan buƙatar jan gyara ta farko a layin umarni aka haife ta, kuma wasiƙa ce daga mutum zuwa mutum.

Wasiƙa ta zama zaure

A watan Afrilu na 2008 wasu matasa a San Faransisko, cikinsu har da Tom Preston-Werner da Chris Wanstrath da PJ Hyett, suka buɗe GitHub, dandalin da kowa zai iya ajiye rumbunsa. Da farko buƙatar jan gyara a wurinsu ɗan saƙo ne kawai. A watan Agusta na 2010 suka sake mata fasali, ta zama shafi mai zaman kansa, inda ake ganin gyaran layi-layi, a yi muhawara a ƙarƙashinsa, mai gyara ya koma ya sake, har a kai ga haɗewa ko a rufe. Abin da dā yake tsakanin mutum biyu ya koma kamar zauren mai unguwa, kowa na jin abin da aka ce da dalilin da ya sa aka ƙi ko aka karɓa.

Wannan ya buɗe ƙofa ga wanda ba a san shi ba. Ba sai ka san adireshin wani babba ba kafin ka gyara harafi ɗaya a aikinsa. Sai dai ba kowa ya yi na'am ba. A 2012 Torvalds da kansa ya ƙi karɓar gyaran da aka turo masa ta GitHub, yana mai cewa tsarin yana zubar da bayanan da wasiƙar Git ke ɗauke da su. Har yau masu aikin Linux da imel suke musayar faci.

Zauren kuma yana da mai shi. A 2018 Microsoft ya sayi GitHub a kan dala biliyan 7.5. A 2019, saboda takunkumin gwamnatin Amurka, aka taƙaita asusun masu amfani da dandalin daga Iran da Siriya da Kirimiya. Ranar da haka ta faru, wanda yake da cikakken kwafi a kwamfutarsa bai rasa aikinsa ba, amma hanyar shiga wani ɓangare na zauren ta toshe masa.

Komawa baƙin allo

Masu rubuta manhaja suna wuni ne a layin umarni, don haka barinsa a je a buɗe burauza domin a danna maɓalli ɗaya ya zame musu wahala. Tun 2009 Wanstrath ya rubuta wata 'yar manhaja mai suna hub, wadda daga baya Mislav Marohnić ya daɗe yana kula da ita, aka kuma sa mata umarnin hub pull-request. A watan Fabrairu na 2020 kamfanin ya fito da tasa ta hukuma, gh, a matakin gwaji, cikakken zubin farko kuma ya fito a watan Satumba.

Yadda abin yake tafiya ba shi da tsawo. Da gh repo fork kake samun naka kwafin rumbun. Da git switch -c kake cire reshe ka ba shi suna. Ka yi gyaranka, ka tara shi da git add, ka adana da git commit tare da ɗan bayanin abin da ka canza. Sannan ka buga gh pr create, ta tambaye ka take da bayani da inda za ta tura reshen, ta miƙa buƙatar, ta dawo maka da adireshinta. Mai rumbu shi ma daga nasa allon zai jawo aikinka da gh pr checkout, ya gwada, ya haɗe da gh pr merge. A lura dai, ko da yake kamannin na dā ne, wannan umarni ta ƙofar kamfanin yake bi. Git ta kowa ce, amma gh sai da asusun GitHub.

Ina ruwanmu?

Ruwanmu shi ne yanzu a irin waɗannan rumbuna ake tara Hausar da kwamfuta ke koyo. A 2019 aka kafa Masakhane, ƙungiyar masu binciken harsunan Afirka, wadda sunanta da harshen Zulu ke nufin mu gina tare. Tun a aikinta na farko kan fassarar inji, wanda ya horar da inji a harshensa yakan miƙa sakamakonsa ne ta buƙatar jan gyara. A 2021 suka fitar da MasakhaNER, tarin rubutu a harsuna 10 da aka yi wa sunayen mutane da wurare alama, Hausar cikinsa kuma daga labaran Muryar Amurka aka ɗebo ta. A shekarar ce Hausa ta shiga cikin muryoyin Common Voice na Mozilla. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, kimanin saƙonnin Twitter 30,000 a kowane ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarbanci, da wasu kuma a Burokan, an tantance na yabo da na suka da na tsaka-tsaki. Yana nan a rumbun HausaNLP a GitHub, a buɗe ga mai son dubawa. Rahoton GitHub na 2024 kuma ya nuna masu asusu a Nijeriya sun haura miliyan 1.

Aiki ne mai kyau, amma mu tambayi kanmu Hausar wa ke ciki. Ta gidan rediyo ce da ta 'yan birni masu wayar zamani. Mutumin Anka ko Gummi ko Bukkuyum da ke cewa munka da sunka da anka, yake cewa shina inda Bakano zai ce yana, yake cewa hwara a maimakon fara, ba shi ne ke rubuta labaran rediyo ba. Injin da bai taɓa cin karo da wannan ba zai ɗauke shi kuskure ne, alhali da irin wannan karin Hausar mawaƙan yankin Sakkwato da Zamfara suka yi suna. Haka sunayen garuruwa. A 2010, lokacin annobar gubar dalma, sunayen Sunke da Dareta da Bagega da 'Yargalma suka shiga rahotannin duniya da alƙalamin baƙi, 'Yargalma ta rasa alamar da ke gabanta, Bukkuyum kuwa an rubuta ta iri-iri. Wanda ya san daidai yana gida, kuma ba a tambaye shi ba.

A nan ne zagayen da muka bi yake da amfani. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a duk jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, ƙananan hukumomin da ke nesa da Gusau suka shafe makonni masu yawa ba sabis. Ko ba a katse ba, mun san yadda sabis yake a ƙauyukanmu da yadda data ke cin aljihu. Shafin intanet yana buƙatar layi mai ƙarfi daga farko har ƙarshe. Git kuwa da layin umarni, da zarar ka kwafi rumbun, sauran aikin duka a kwamfutarka yake. Ɗalibi zai iya zama a Anka ya yi mako yana gyara jimloli da sunaye ba tare da layi ba, ranar da ya sami sabis na minti biyar ya tura reshensa ya buga gh pr create.

Ba mu ce wannan zai kawo wuta ko kwamfuta ko zaman lafiya ba, kuma ba tare da su ba babu mai zama ya yi gyara. Ba kuma kowace buƙata ake karɓa ba. Mai rumbu yana iya ƙi, ko ya ce a koma a sake, kamar dai alaramma a wurin darasu. Amma ko an ƙi, buƙatar tana nan a rubuce da sunan mai ita da hujjarsa, mai zuwa daga baya zai gani. Marubutanmu da malaman Hausa da ke ƙorafin cewa inji yana ɓata mana harshe ya kamata su san cewa akwai ƙofar kai ƙorafin, kuma umarnin da ake buƙata bai kai goma ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya kamata kuma ya fara kawo facin.