Fanshon wanda ya ci amanar gwamnati: daga zamanin Kunce zuwa yau

Tsarin aikin gwamnati da Nijar ta gada daga Faransa a 1960 ya tanadi kora iri biyu. Akwai wadda ake sallamar ma'aikaci a bar masa haƙƙinsa na fansho, akwai kuma wadda ake haɗawa da fanshon a dakatar. Ta biyun ce abar tsoro, domin ga mushen lakwal a Gazawa ko malamin asibiti a Agye, fansho ne abin ci da iyali ranar da ƙarfi ya ƙare. Sandar dai tana rataye tun farko, sai dai ba kowa ake duka da ita ba.

Yunwar 1973 ce ta fara tona asiri. Talaka yana tonon gidan tururuwa, abincin agaji kuwa yana ɓullowa a kasuwa da tsada. Da Seyni Kunce ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, wannan cin amana na cikin dalilan da ya bayar. Har yau dattawan Gidan Rumji na tuna shugaban da kan faɗo ofis ba sanarwa, lokacin da mai riƙe da makullin magazar hatsi ba ya barci sai lissafin buhuna ya cika. Amma tsoron mutum ɗaya ne, ba na doka ba. Da Kunce ya rasu a Nuwamban 1987 sai tsoron ya bi shi.

A ƙetaren iyaka an gwada wata hanyar. A 1975 Murtala Muhammad ya kori ma'aikata sama da 10,000 a Najeriya, da yawa ba fansho, ba shari'a. Mai laifi da marar laifi suka tafi tare. Waɗanda suka rage suka ɗauki mummunan darasi: tunda gobe ba ta da tabbas, a tara tun yau.

A Nijar kuwa kusan kowane sabon mulki ya zo da hukumarsa. Taron ƙasa na 1991 ya kafa kwamitin binciken laifuffuka da cin zarafi. A 2006 badaƙalar MEBA, ta kuɗin ilimin firamare, ta kai tsofaffin ministoci biyu gidan kaso, ta kuma taimaka wajen faɗuwar gwamnatin Hama Amadu a 2007. Kuɗin littattafai da kayan karatun yaran ƙauyuka irin namu ne aka ci. An kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta HALCIA a 2011. A 2020 rahoton farko na binciken ma'aikatar tsaro ya ambaci asarar biliyan 76 na sefa. Sojojin da suka karɓi mulki a 2023 suka kafa COLDEFF don ƙwato dukiyar ƙasa. Bincike ya yawaita, hukuncin kotu da ya kai ƙarshe ya yi ƙaranci. Wanda ba a yanke wa hukunci ba kuwa, ranar ritaya takardunsa na nan tsaf.

Shi ya sa masu cewa a hana ɓarawon gwamnati fansho suke da gaskiya, amma da sharaɗi. Alƙali ne zai yanke, bayan an saurari wanda ake zargi, ba sanarwar rediyo ba. A fara da biyan abin da aka sata daga cikin fanshon, a bar wa mata da ƴaƴa abin cefane, domin ba su suka sa hannu a takardar ba, kuma wata-wata aka riƙa yankar albashin mutumin ana zubawa a asusun fansho. Sannan a fara daga sama. In ƙaramin akawun da ya ci jaka ɗari zai rasa tsufansa, alhali mai biliyoyi ya maido rabi ya koma gida da fanshonsa, to ba a gyara komai ba, an dai ƙara zalunci a kan sata.