Neman gidan haya a Abidjan: abin da baƙon da ba shi da mota ya kamata ya sani

Galibin Hausawan da ke zuwa Abidjan daga Nijar, Najeriya, Benin ko Burkina Faso suna fara sauka ne wajen ɗan'uwa ko wani ɗan garinsu. Bayan 'yan makonni sai maganar neman ɗaki ta taso. A ƙidayar shekarar 2021 yawan mutanen birnin ya haura miliyan biyar da rabi, kuma mafi yawansu motar haya suke shiga. Saboda haka duk wanda zai kama gida, kafin ya tambayi kuɗin wata, ya fara sanin hanyar da zai riƙa bi kullum zuwa wurin sana'arsa.

Yadda birnin yake

Tafkin Ebrié ya raba Abidjan gida biyu. A arewa akwai Plateau, Adjamé, Attécoubé, Cocody, Yopougon da Abobo. A kudu akwai Treichville, Marcory, Koumassi da Port-Bouët. Gadoji ne ke haɗa sassan. Gadar Houphouët-Boigny ta 1957 da gadar De Gaulle ta 1967 suna haɗa Plateau da Treichville. Gadar Henri Konan Bédié, wadda aka buɗe a 2014 kuma ake biyan kuɗi kafin a haye ta, tana haɗa Cocody da Marcory. A 2023 an buɗe gadar Cocody zuwa Plateau, a farkon 2024 kuma aka buɗe wadda ta fito daga Yopougon. Cunkoson safe da na yamma ya fi tsanani a bakin waɗannan gadoji da kan manyan hanyoyin da ke shigowa daga Abobo da Yopougon. Wanda gidansa da wurin aikinsa suke ɓangare ɗaya na tafkin ya rage wa kansa wahala mai yawa.

Ababen hawa

Bas ɗin SOTRA: kamfanin ya fara aiki tun 1960. Layukansa suna da lambobi, kuɗinsa ya fi sauƙi, amma a lokacin tafiya aiki ana daɗewa ana jira.

Gbaka: ƙananan bas-bas ne masu zirga-zirga tsakanin unguwannin gefe da tsakiyar gari. Adjamé ce babbar mahaɗarsu. Daga nan ake samun na Yopougon, Abobo da Bingerville. Yaron mota ne ke kiran fasinja da karɓar kuɗi, kuma yakan nemi a shiga da canji. Kuɗin na iya tashi idan yamma ta yi ko ana ruwa, don haka a tambaya kafin a hau.

Woro-woro: tasi ne na haɗin gwiwa da ke bin hanya guda. Ana gane na kowace unguwa da launinsa: na Cocody rawaya, na Yopougon shuɗi, na Marcory da Koumassi kore. Sunan ya fito ne daga kalmar shida a harshen Jula. Su ma da dala suke lissafi kamar Hausawa, wato dala shida, sefa 30, kuɗin mota na da can.

Jirgin ruwa: SOTRA da wasu kamfanoni masu zaman kansu suna jigilar fasinja a kan tafki. Daga Abobo-Doumé, alal misali, ana haurawa Plateau da Treichville ba tare da an shiga cunkoson gada ba.

Tasi mai mita, mai launin ruwan lemo, da motocin da ake kira ta waya irin su Yango: sun fi sauri da tsada. Suna da amfani ranar kwashe kaya, amma ba su nuna wa mutum ainihin wahalar hanyarsa ta kullum.

Lissafin haya da kuɗin mota

Gida mai araha a nesa ba lallai ya zama mai sauƙi ba. Ga misali na lissafi kawai. Ɗaki na jaka 40 a wata, wanda zuwa aiki da dawowa ke cin jaka ɗaya a rana, a kwana 26 kuɗin mota ya kai jaka 26, jimla jaka 66. Wani ɗakin na jaka 55 kusa da kasuwa, da ake kashe sefa 400 a rana, jimlarsa jaka 65 da 400. Kuɗin kusan ɗaya ne, amma na biyun ya tsira da sa'o'in da na farko ke ɓatawa a hanya. Wannan ya fi shafar masu fita da asuba, kamar mahauta, masu sayar da shayi da masu garba, abincin attiéké da kifi da ya samo sunansa daga 'yan Nijar masu sayar da shi.

Yadda ake tsara ranar dubawa

An fi samun nasara idan aka keɓe rana guda ga unguwa guda. Ƙoƙarin ganin gida a Abobo da safe, wani a Koumassi da azahar, yakan ƙare a cikin mota. Mutanen gari ba su cika kwatance da sunan titi ba, sai da mahaɗar hanya, kantin magani ko masallaci, kamar Siporex a Yopougon, Liberté a Adjamé ko Grand Carrefour a Koumassi. Sai a nemi dillali ya faɗi inda za a sauka da kuma tafiyar minti nawa ce daga nan zuwa ƙofar gidan.

Kafin a ba da ko dala, a gwada hanyar sau biyu, da sassafe da kuma bayan magariba. A lura da yawan motocin da za a canza, da lokacin da mota ke yankewa da dare, da ko akwai haske tsakanin titi da gida.

Sunayen da za a ji a talla su ne entrer-coucher, wato ɗaki ɗaya. Chambre-salon, ɗaki da falo. Studio, ɗaki mai banɗaki a ciki. Sai cour commune, gidan yawa da ake haɗa famfo da banɗaki. A tambaya ko mitar wuta ta CIE da ta ruwa ta SODECI na ɗakin ne shi kaɗai ko ana rabawa, kuma ko akwai tsohon bashi a kansu.

Abin da doka ta ce

Tun 2018 dokar Cote d'Ivoire ta hana mai gida karɓar fiye da hayar wata biyu a gaba, wato avance, da fiye da wata biyu na kuɗin ajiya, wato caution. A al'ada ana ƙara wata ɗaya na dillali ko kamfanin gidaje. Ke nan mai kama ɗakin jaka 50 ya tanadi jaka 250. Caution ajiya ce da ake mayar wa mai haya idan ya tashi, bayan an cire kuɗin abin da ya lalata. Shi ya sa ake rubuta halin da gidan yake ciki ranar shiga, kowa ya sa hannu. A nemi rubutacciyar yarjejeniya da rasit na kowane biya. Kada a tura kuɗi ta waya don gidan da ba a gani ba, kuma a tabbatar wa maƙwabta cewa mai karɓar kuɗin shi ne mai gidan ko wakilinsa. Wanda Faransancinsa bai yi ƙarfi ba ya tafi da mai karanta masa takarda.

Ruwa da rusau

Babbar damina a Abidjan tana kamawa daga Mayu zuwa Yuli, kuma kusan kowace shekara ana samun ambaliya da zaftarewar ƙasa. Tabon ruwa a jikin bango, dakalin da aka ɗaga a bakin ƙofa da gida a gindin tudu duk alamu ne. A 2024 hukumomi sun rushe gidaje a wuraren da suka ce suna da haɗari, ciki har da Gesco a Yopougon da Boribana a Attécoubé, kuma 'yan haya da yawa sun rasa matsuguni. Idan haya ta yi araha fiye da kima, a tambayi limamin unguwa ko tsofaffin mazauna dalili kafin a biya.