M27: yadda masu sha'awar taurari ke ɗaukar hoton tauraron da ya mutu

A daren 12 ga watan Yuli na shekarar 1764, masanin taurari ɗan ƙasar Faransa Charles Messier yana farautar taurari masu wutsiya a samaniyar birnin Paris, sai ya ci karo da wani ɗan hazo mai kama da ƙwai wanda ba ya motsi. Ya rubuta shi a lamba ta 27 cikin jerin abubuwan da ke ruɗin mai neman tauraro mai wutsiya, shi ya sa ake kiransa M27 har yau. Shi ne na farko da aka gano cikin abubuwan da Faransawa ke kira nébuleuse planétaire, kuma da shi ne yawancin masu ɗaukar hoton sama don sha'awa ke fara gwada hannunsu a kan irin wannan hazo.

Sunan kansa kuskure ne da ya zauna. William Herschel ne ya yaɗa shi a shekarun 1780, don a madubin hangen nesa na lokacin wasunsu kan fito a kewaye, shuɗi-shuɗi, kamar duniyar Uranus da ya gano a 1781. Babu abin da ya haɗa su da duniyoyi. Abin da ake gani gawar tauraro ce.

Mene ne ainihinsa?

Tauraro irin ranarmu, ko wanda bai wuce ninki 8 na nauyinta ba, idan makamashinsa ya kusa ƙarewa sai ya kumbura ya yi ja, sannan ya riƙa fesar da iskar gas ɗin da ke lulluɓe da shi zuwa sararin samaniya. Ƙwayar cikinsa ce kaɗai ke saura, ƴar ƙarama mai tsananin zafi. Ta M27 ta haura digiri 80,000, alhali saman rana bai wuce kimanin digiri 5,500 ba. Hasken wannan ƙwaya ne ke dukan iskar da aka fesar har ta yi walƙiya. Iskar na ci gaba da bazuwa da gudun kilomita 20 zuwa 30 a daƙiƙa, don haka cikin ƴan dubban shekaru goma-goma take dushewa ta ɓace. A rayuwar tauraro wannan ƙiftawar ido ce. Masana na sa ran ita ma rana za ta kama wannan hanya nan da shekaru miliyar 5 ko fiye.

Nisan M27 daga gare mu ya kai shekarun haske 1,200 zuwa 1,400, kuma shekarar haske ɗaya kimanin kilomita miliyar 9,460 ce. Ke nan hasken da zai faɗa cikin kyamarar mutum a Maraɗi ko Tawa a daren yau ya taso ne tun ƙarnonin farko na Hijira. Turawa sun kamanta siffarsa da ƙarfen da ƴan motsa jiki ke ɗagawa. Bahaushe da ya ga hoton, kalangu zai ce, ko turmi: kai biyu masu faɗi da tsukakken ƙugu.

Abin da ido ba ya gani

Wanda ya leƙa M27 a madubin hangen nesa karon farko yakan ɗan ji an yaudare shi. Ba ja, ba kore, sai wani ɗan toka-toka kamar hayaƙi, faɗinsa kusan rubu'in faɗin wata. Laifin na ido ne. A cikin duhu idon mutum ba ya bambance launi sosai, musamman ja, kuma ba ya tara haske: abin da ya shigo yanzu shi ke nan. Kyamara kuwa tana iya buɗe ido na minti ɗaya ko biyar tana tarawa, kamar randar da aka aje ƙarƙashin indararo.

Launukan da ke fitowa a hoto suna da ma'ana. Jan da ke gefe-gefe hasken haidurojin ne da naiturojin, shuɗi mai kore-kore na tsakiya kuma na oksijin ne. Wannan koren ya daɗe yana wahalar da masana. A 1864 William Huggins na Ingila ya rarrabe hasken wani hazo irin wannan, ya tabbatar da cewa iskar gas ce ba tarin taurari ba, amma ya ga wani layin kore da ba a san shi da kowane sinadari ba. Har suna aka raɗa wa sinadarin da ake zato, nebulium. Sai a 1927 Ira Bowen na Amurka ya nuna cewa oksijin ne kawai, a wani yanayi na ƙarancin iska da ba a samu a doron ƙasa.

Kayan aiki

Sabon shiga yakan ɗauka babban madubi ne sirrin aikin. Masu gogewa sun fi kashe kuɗinsu kan abin da ke ɗauke da madubin. Dalili shi ne ƙasa na juyawa digiri 15 a kowace awa, taurari na tafiya yamma ba tsayawa. Da gilashin kyamara mai milimita 200, daƙiƙa 2 ko 3 sun isa kowane tauraro ya ja layi. Don haka ake buƙatar mazauni mai ɗan inji da ke bin juyawar sama daidai wa daida, kuma kafin ya yi aiki sai an saita shi da tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa. A nan akwai ƴar matsala ta ƙasarmu: tsayin wannan tauraro a sama daidai yake da nisan gari daga tsakiyar duniya, wato digiri 13 zuwa 15 kacal a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Katangar gida ko bishiyar dogon yaro ta isa ta ɓoye shi. Sai a nemi fili mai buɗaɗɗiyar arewa.

Ƙaramin madubi mai bakin milimita 80 da kyamarar hoto wadda ake iya cire gilashinta sun wadatar. A ƴan shekarun nan kuma an samu ƙananan na'urori da ke yin komai da kansu ta hanyar salula, irin su Seestar na kamfanin ZWO da Vespera na kamfanin Vaonis na Faransa. Tsoffin hannu na yi musu kallon raini, amma hoton M27 da suke fitarwa cikin rabin awa ba abin rainawa ba ne.

Ba hoto ɗaya ake ɗauka ba. Ana ɗaukar 60 ko 100, kowanne na daƙiƙa 30 zuwa 60, sannan kwamfuta ta jera su bisa juna. Hasken hazon yana nan a wuri ɗaya cikin kowane hoto, ɗige-ɗigen da kyamara ke haifarwa kuwa suna canza wuri, sai su kashe juna. Lissafin ba shi da rangwame: hoto 100 tsabtar da suke bayarwa ninki 10 ce ta hoto ɗaya, kuma mai son ninka wannan sau biyu sai ya ɗauki 400. Akwai manhajojin kyauta na wannan aiki, Siril da DeepSkyStacker, dukansu Faransawa ne suka ƙirƙiro su. Ana kuma ɗaukar wasu hotuna da murfi a rufe don a cire dattin da zafin kyamara ke sawa. A Sahel wannan mataki ba na tsallakewa ba ne, don dattin yakan ninka kusan duk ƙarin digiri 6 na zafi.

Mai zaune cikin gari yana iya sa matacin haske wanda ba ya barin komai ya wuce sai jan haidurojin da koren oksijin. Da shi ake rage illar fitilun titi, har ma da farin wata.

Yaushe, kuma ina?

M27 yana ratsawa kusan tsakar ka a kudancin Nijar, sama da digiri 80 daga ƙasa, abin da mai kallo a Paris ba zai taɓa samu ba. Sai dai watannin da ya fi daɗewa a sama, Yuli da Agusta, su ne tsakiyar damina. Mafi kyawun lokaci shi ne kaka, daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba: ruwa ya wanke sama, hazon hunturu bai iso ba. A lokacin, da an fito sallar isha'i yana can sama ya ɗan karkata yamma, kuma akwai awa 2 zuwa 3 na aiki kafin ya yi ƙasa. A zaɓi dararen duhun wata, daga wajen 20 ga wata zuwa tsayuwar sabo. Raɓa na iya rufe gilashi cikin dare, a riƙa dubawa.

Don gano wurinsa, a nemi manyan taurari uku da ke yin kusurwa uku a tsakar sama, Vega, Deneb da Altair, duka sunaye masu asalin Larabci. A arewa da Altair akwai wasu ƙananan taurari huɗu da suka yi siffar kibiya. M27 yana kimanin digiri 3 arewa da tsinin kibiyar. Manhajar Stellarium, ita ma kyauta, tana nuna wurin a salula. A ƙauyen da ba fitilu, ko madubi mai ido biyu na hannu yana nuna shi kamar ɗan ɗigon auduga.

Wanda ya gama da shi yana da na gaba. M57 da ke kusa da Vega zobe ne ƙarami mai haske, yana son madubi mai jawo abu kusa sosai. Helix kuma, wanda ke cikin mafi kusa da mu, nisan shekarun haske kimanin 650, babba ne amma dusashe. A Maraɗi yakan hau digiri 55, a Paris kuwa da ƙyar yake kai 20.

Aikin bai tsaya ga ado ba. An san irin wannan hazo kusan 3,000 a gungun taurarinmu, kuma masu sha'awa na cikin masu ƙara yawansu, don suna iya ɓata darare da dama kan ɗan yanki ɗaya na sama, abin da manyan cibiyoyin bincike ba su da lokacinsa. A 2008 wani Ba'amurke mai suna Dave Jurasevich ya ba da rahoton wani hazo mai kama da kumfar sabulu a yankin taurarin Cygnus, ba nisa da M27, wanda ya gani cikin hotunan da ya ɗauka da kayansa. Bafaranshe Xavier Strottner da Bajamushe Marcel Drechsler su ma sun gano da dama, kuma ana rubuta su a kundin masana da haruffan farko na sunayensu, StDr.