'Yar Murtala: Tarihi da Ma'anonin Kalmar

1.0 Gabatarwa

A Hausa, sunan yanka yakan rikiɗa ya zama suna gama-gari. Wannan maƙala za ta bi diddigin kalmar "Murtala" kamar yadda ake amfani da ita a ƙasar Gumel, musamman a kasuwar Maigatari mai ci ranar Alhamis, inda naira da sefa suke cuɗanya.

2.0 Asalin Kalmar

An haifi Janar Murtala Ramat Muhammad a Kano a 1938. Ya zama Shugaban Ƙasa a watan Yuli 1975, aka kashe shi a Ikko ranar 13 ga Fabrairu 1976. Bayan shekara guda, a Fabrairun 1977, Babban Bankin Nijeriya ya fitar da takardar naira 20 mai ɗauke da hotonsa. Ita ce takardar kuɗi ta farko da aka sa wa hoton wani ɗan ƙasa. A lokacin Gumel tana cikin Jihar Kano, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro Jigawa, saboda haka mutanen wajen nasu suka gani a jikin kuɗin.

3.0 Ma'anoninta

Ma'ana ta farko ita ce takardar kanta, wato 'yar Murtala. An sa mata "'yar" ne domin takarda da naira duka jinsin mace ne. Ta biyu ita ce adadin, ko da babu takardar a hannu:

(1) Murtala biyar naira ɗari ke nan.
(2) Murtala goma jaka guda ce.

Misali na (2) ya nuna yadda sabuwar kalma ta shiga tsohon lissafin fatake, inda jaka take nufin fam 100, wato naira 200.

Ma'ana ta uku tafiyar zamani ce ta haife ta. Daga 1977 har zuwa 1991, da aka fitar da naira 50, babu takardar da ta kai ta daraja. A farkon fitowarta ta kai kimanin dalar Amurka 30. Wanda ya zaro ta a kara, dillalai sun san mai abin hannu ne ya zo. Bayan faɗuwar darajar naira tun daga 1986, sai ma'anar ta juye. Yau idan aka ce "ko 'yar Murtala ba shi da ita", ana nufin talaucinsa ya kai matuƙa.

4.0 Kammalawa

Mutumin bai ragu a idon jama'a ba, kuɗin ne suka ragu, kalmar kuwa ta bi kuɗin. Abin lura shi ne, takardar tana ƙaranci a hannun mutane, kuma duk ranar da ta ɓace, kalmar za ta iya bin sahun anini da sisi. Ya kamata masu ƙamus su taskace ta da ma'anoninta uku tun masu faɗarta suna raye.