Tarihin Gwajin Ɗaukar Nauyi a Intanet: Matsalar Buƙatun da ke Sarƙe da Juna

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin matsala guda a tarihin gwajin ɗaukar nauyi, watau gwajin da ake yi wa uwar garke, kwamfutar da ke karɓar buƙatun jama'a tana amsawa, don a san yawan mutanen da za ta ɗauka kafin ta durƙushe. Matsalar kuwa ita ce yadda za a gwada buƙatun da kowace ta dogara da amsar wadda ta gabace ta.

Mafarin Al'amari

Manhajojin gwaji na farko, irin su ApacheBench wadda asalinta ya koma 1996, aikinsu shi ne maimaita buƙata ɗaya sau dubbai. Wannan ya wadatar muddin shafi takarda ce kurum ta karantawa. To amma da ciniki ya shigo intanet sai lamari ya canza. Alal misali, mai saye zai shiga da sunansa, a ba shi lambar shaida, da ita zai zaɓi kaya, sa'an nan da lambar kayan zai biya kuɗi. Idan aka maimaita tsohuwar lamba, uwar garke ƙin ta za ta yi. Saboda haka manhajoji kamar LoadRunner, da kuma JMeter wadda ta fito a 1998, suka zo da dabarar tsamo lamba daga cikin amsa a saka ta a buƙata ta gaba.

Ana cikin haka, a 1999 kamfanin Microsoft ya sa wa Internet Explorer 5 hanyar da shafi zai riƙa aika buƙatu ta bayan fage, mai karatu bai tsaya jira ba. Gmail a 2004 da Google Maps a 2005 su suka yayata wannan salo. Daga nan amsoshi suka daina dawowa bi da bi, ya zama dole mai gwaji ya tantance buƙatun da za su tafi tare da waɗanda tilas su jira.

Inda Gizo ke Saƙar

Jiran nan yana da illa. A 2006 Bianca Schroeder da Adam Wierman da Mor Harchol-Balter na Jami'ar Carnegie Mellon suka nuna cewa gwajin da ba ya aika sabuwar buƙata sai tsohuwar ta dawo yakan sassauta wa uwar garke daidai lokacin da ta fara gajiya, sai sakamako ya fito da kyau fiye da gaskiya. Jama'a kuwa ba sa daina tururuwa don wani yana jira. Masanan suka bayyana tsarin da ya fi kama da zahiri: baƙi su riƙa isowa ba tare da la'akari da juna ba, amma kowane baƙo ya bi sarƙar buƙatunsa daki-daki.

An ga muhimmancin sarƙa a Amurka ranar 1 ga Oktoba, 2013, da aka buɗe shafin inshorar lafiya na HealthCare.gov. An wajabta buɗe asusu kafin a duba farashi, wannan mataki na farko ya cushe, duk na bayansa suka tsaya. Mutum 6 kacal suka kammala rajista a ranar.

Kammalawa

Abin da tarihin nan ya koya mana shi ne, jira a cikin sarƙar mutum ɗaya wajibi ne, amma jira tsakanin mutum da mutum ƙirƙirar mai gwaji ce. Ya kamata mu malamai mu rarrabe wa ɗalibanmu waɗannan biyu tun daga aji.