Daga Samaru zuwa Kuje: Asalin Haɗin Gwiwar Jami'a da Manomi

Kuje na cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, kuma duk da rukunin gidajen da ke ta tsirowa a bakin hanyarta, har yanzu ƙasar manoma ce. Daga Gaube da Chibiri har Rubochi da Gwargwada, Gbagyi da Gade da Hausawa da Fulani na fitar da doya, masara, dawa, rogo da gyaɗa zuwa kasuwannin Abuja. Ingantaccen irin da wasunsu ke shukawa, da malamin gonan da ke leƙo su jefi-jefi, ba a Abuja aka ƙirƙiro su ba. Tushensu na Samarun Zariya, kuma sun girmi birnin tarayyar nesa ba kusa ba.

A 1922 Turawan mulkin mallaka suka kafa tashar binciken noma a Samaru. Hankalinsu ya fi karkata ga auduga da gyaɗa, abin da masana'antun Ingila ke nema. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai aka miƙa mata tashar, ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona, wato IAR. Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka ta turo malamai da kuɗin hukumar USAID don gina tsangayar noma da ta likitancin dabbobi. A 1963 kuma aka kafa wani ɗan sashe da zai riƙa kai sakamakon bincike ga malaman gona. Shi ne ya girma ya zama NAERLS, wadda aka ba ta aikin ƙasa baki ɗaya a 1987.

Amma abin da ya sauya tunanin masana ya faru ne a ƙauye. A 1965 gidauniyar Ford ta ba da kuɗi aka buɗe sashen nazarin tattalin arzikin karkara a Samaru, ƙarƙashin wani matashin masani, David Norman. Suka zaɓi ƙauyuka uku a ƙasar Zazzau, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka zaunar da masu ɗaukar bayani a cikinsu tsawon shekara guda, suna rubuta wanda ya je gona, aikin da ya yi, da awa nawa ya ɗauka. Kafin nan, koyarwar hukuma ita ce kowane amfani ya sami gonarsa shi kaɗai, a jere a layi. Manomin da ya haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, ana yi masa kallon mai taurin kai. Lissafin ya nuna shi ke da gaskiya: gaurayen shuka ya fi kawo riba a kan kowace eka, ya fi biyan wahalar da aka sha a watannin Yuni da Yuli lokacin da noman firi ke rutsa kowane gida, kuma idan ruwa ya ɗauke wani ya mutu, wani zai tsira.

Haka batun auduga. Masana na cewa a shuka ta da wuri a yi feshi, manoma kuwa sai sun gama da hatsi suke waiwayarta. Ashe ba jahilci ba ne. Mai iyali ba zai bar gonar abinci ciyawa ta cinye ta don auduga ba. Daga wannan aiki da irinsa a wasu ƙasashe aka sami tsarin da ke cewa a fara da sauraron manomi, a gwada sabon abu a gonarsa, ba a filin cibiya kaɗai ba. A ganina wannan ita ce babbar gudummawar da Samaru ta ba duniya, har gaba da nau'o'in masara da dawa da wake da ta fitar masu ɗauke da sunayen SAMMAZ da SAMSORG da SAMPEA.

Sai Bankin Duniya ya shigo da kuɗi masu kauri. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara shirin bunƙasa noma na ADP a Funtuwa da Gusau da Gombe: hanyoyin karkara, rumbunan sayar da taki da iri, da malaman gona a kan babura. Kano da Bauci da Sakkwato suka mai da shi na jiha baki ɗaya a farkon shekarun 1980, daga baya ya game ƙasa. Tsarin aikin a ƙa'ide yake. Duk wata masu bincike daga cibiyoyi su zauna da ƙwararrun ADP, duk mako biyu ƙwararrun su horar da malaman gona, malamin gona kuma ya je ƙauye a ranar da aka sani, ya yanki ɗan fili a gefen gonar mutum ya shuka sabon iri kusa da na gado, kowa ya gani da idonsa ranar girbi.

Ana cikin haka Janar Murtala Muhammed ya kafa Babban Birnin Tarayya a Fabrairun 1976, gwamnati ta tare a Disambar 1991. Yankin ya sami tasa ADP mai hedikwata a Gwagwalada, garin da Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, ta fara karatu. Ta nan tsarin Samaru ya iso ƙauyukan Kuje, tare da taimakon cibiyar binciken hatsi ta Badeggi a Jihar Neja, mai kula da shiyyar tsakiya.

Sai dai ya iso a makare. Kuɗin Bankin Duniya na ADP ya ƙare a tsakiyar shekarun 1990, babura suka tsufa, waɗanda suka yi ritaya ba a cika gurbinsu ba. Ƙungiyar Sasakawa, wadda Ryoichi Sasakawa da Norman Borlaug da Jimmy Carter suka assasa, ta shigo Nijeriya a 1992, ta kuma haɗa kai da jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero don malaman gona su koma aji su yi digiri. Shirin Fadama na biyu, wanda aka fara a 2004 kuma Abuja na ciki, ya zo da dabara mai kyau: manoma su kafa ƙungiya, su zaɓi abin da suke so da kansu, injin ban ruwa ne ko na niƙa ko kwalbati, su sa nasu kason kuɗi. Fadama na uku ya game jihohi 36 da Abuja. Kowanne ya yi aiki muddin kuɗin waje na zuwa, da wa'adi ya cika kuma sai a koma jiran wani.

Kuje na da wata matsalar da Hanwa da Doka ba su sani ba a 1965. Kundin tsarin mulki ya damƙa dukkan ƙasar birnin tarayya a hannun Gwamnatin Tarayya, don haka gonar da mutum ya gada tana iya zama filin rukunin gidaje da takarda ɗaya. Wanda bai da tabbacin shekara biyar a gonarsa ba zai dasa mangwaro ko ya haƙa rijiyar ban ruwa ba, komai kyan shawarar da aka ba shi. Jami'ar Abuja da ADP da majalisar ƙaramar hukumar Kuje su ne ya kamata su zauna a Rubochi da Gaube shekara guda da littafin rubutu, da kuɗin gida, su auna gonaki nawa suka rage da kuma waɗanda ke noma su, kafin a sake raba wani fili.